Duba rufin gida kafin damina: me ake biya, me ya kamata a samu?

A garuruwanmu, daga Kano zuwa Zariya har Sakkwato, ba a cika kiran mai duba rufi ba sai ranar da aka kwana ana tara roba da bokiti a tsakar ɗaki. Wannan sharhi a kan aikin dubawar ne kawai, ban da gyara: a kira mutum ya hau sama, ya bincika, ya faɗi halin da rufin yake ciki, a sallame shi. Masu yin wannan aiki kashi uku ne, kuma kuɗinsu da amfaninsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne kafintan unguwa. Shi ya fi sauƙin samu, kuma sau da yawa in ka tambaye shi nawa ne, zai ce "Haba maigida, dubawa ai ba kuɗi, ka ba da na mota kawai." Na biyu wakilin kamfanin da ke sayar da dogon kwanon alminiyam ko kwano mai tsakuwa. Shi ma kyauta yake zuwa, da tef ɗinsa na awo da takardar farashi. Na uku injiniya ko ƙwararren magini da ba ya sayar da komai, kuma ba shi zai karɓi gyaran ba. Wannan sai an biya shi, kuma yana ba da rahoto a rubuce.

A ganinmu dubawar kyauta ita ce mai tsada. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kafintan da ya hau kyauta ribarsa tana cikin gyaran, wani lokaci har da kamashon da yake samu a shagon da zai tura ka sayen kaya, saboda haka da wuya ya sauko ya ce maka rufinka lafiya lau yake. Wakilin kamfani kuwa awo ya zo yi, amsarsa kusan kullum ita ce a kware tsohon a sa sabo. Ba wai duk macuta ba ne, akwai kafintoci masu tsoron Allah da suka fi wasu masu takarda sanin rufi. Matsalar tana cikin tsarin: wanda zai ci riba in an samu lahani shi aka sa ya nemo lahanin. Maganin abin mai sauƙi ne, ko da kafinta za a kira. A gaya masa tun farko cewa za a biya shi kuɗin dubawa daban, kuma ba lallai shi zai yi gyaran ba.

Nawa ya dace a biya? Farashin komai yana motsi da naira, don haka ma'aunin da ya fi tsayawa shi ne kuɗin yinin kafinta a garinku. Gida marar bene mai ɗaki uku da falo, mai rufin kwano, dubawa ta gaskiya tana cin awa biyu zuwa uku, kuma mutum biyu take buƙata, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa ko cikin silin. Kuɗin yinin oga da na yaronsa, da kuɗin mota, shi ne adalci a irin wannan gida. Wanda ya nemi ƙasa da haka sosai, ka sa a ranka leƙawa zai yi ya sauko. Injiniya mai rahoto da hatimi zai nemi ninkin wannan sau da dama, domin bayan hawan akwai zaman rubutu, kuma sunansa da rajistarsa yake jinginawa a kan abin da ya rubuta.

Abubuwan da ke ɗaga kuɗin sanannu ne. Bene yana ɗaga shi, domin tsanin gida ba ya kaiwa, sai an yi hayar dogon tsani ko an kafa abin takawa, kuma wannan kuɗin daban yake, a tambaya tun kafin a zo. Rufi mai tsayi da gangare sosai, irin wanda ya yi tashe a sababbin unguwanni, ba a tafiya a kansa ba igiya da bel. Rufi mai kusurwoyi da yawa yana cin lokaci, domin kowace mahaɗa wurin bincike ce. Sai gidan da aka yi wa silin na POP ba a bar ƙofar shiga ba. A nan dole a yanka ƙofa kamar ƙafa biyu-biyu, galibi a lungu ko banɗaki, a kuma biya mai POP ya gyara bakinta. Kada a ji ƙyashin wannan kuɗin, ƙofar za ta yi amfani har ƙarshen rayuwar gidan.

Dalilin nacewa a kan ƙofar silin shi ne, rabin aikin a can ciki yake. Duk mai dubawar da ya hau kan kwano ya zagaya ya sauko bai shiga silin ba, rabin kuɗi ya cancanta. A ciki ne ake ganin katakon da ke ɗauke da rufin. Ƙwararre zai sa a kashe wutar gidan daga babban makunni saboda wayoyin da ke shimfiɗe a ciki, ya shiga da safe kafin wurin ya zama tanda, ya riƙa taka katako kawai ba allon silin ba. Zai kashe tocilarsa ya tsaya shiru na ɗan lokaci. Duk inda ƙusa ta bar rami ko tsatsa ta huda, hasken rana zai ratso kamar taurari, sai ya yi wa wurin alama da alli. Daga nan ya kunna tocila ya bi katako ɗaya bayan ɗaya da sukundireba yana cakawa. Lafiyayyen katako yana tirjewa. Wanda gara ta ci, fatarsa tana nan sumul amma ƙarfen zai nutse kamar cikin burodi, kuma za a ga hanyar ƙasa da garar ta gina ta bi bango ta hau. Garin katako mai laushi da ke zubowa a kan silin kuwa aikin ƙwaro ne mai huda. Baƙin tabo mai tsawo a jikin katako shi ne sawun ruwa, kuma shi ake bi a hau sama har a kai ga inda ruwan ya shigo, domin yoyo ba ya cika ɗiga daidai ƙarƙashin raminsa. Ruwa yana iya bin katako tafiyar mita biyu ko uku kafin ya sauka, shi ya sa ake liƙe wurin da ke saman tabon silin sau uku ba a daina yoyo ba.

A cikin silin ɗin ne kuma ake duba abin da ya fi yoyo haɗari, wato ɗaurin rufi da gini. Iskar farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas gaban hadari a watannin Afrilu zuwa Yuni, ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Tana shiga ƙarƙashin bakin kwano tana turawa sama, tana kuma tsotsarsa ta sama. Abin da ke riƙe shi shi ne rodi ko langalanga da aka binne a cikin kankaren saman bango aka naɗe katakon da ke kwance a kan bangon da shi. Mai dubawa zai ƙirga ɗaurin, ya ga ko kowace ƙafar rufi tana da nata, ya ja da hannu ya ji ko ya saki, ya duba ko tsatsa ta cinye langalangar. A gidaje da yawa za a tarar an ɗaura ne a bulo ɗaya tak na sama, ko an buga ƙusa kawai a cikin siminti. Irin wannan rufin in iska ta zo, da katakon da bulon duka take tafiya. Jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwano alama ce ta cewa masu gidan sun san ɗaurin ba shi da ƙarfi, kuma ba ya maye gurbin ɗauri. In rahoto bai ce komai a kan wannan ba, bai cika ba.

A saman kwano, ƙusa ce kan gaba. Ana buga ta a kan tudun kwano, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma sai ta samu katako a ƙasa. Wadda ta kuskure katako tana nan tana lilo, rami ne kawai mai hula. Robar da ke ƙarƙashin hular tana bushewa ta tsage da zafin rana bayan wasu shekaru. Dogon kwanon alminiyam yana da tasa matsalar: yana miƙewa da rana ya tsuke da dare. Falle mai tsawon mita 10, in zafinsa ya sauya da digiri 40 tsakanin asuba da azahar, yana ƙara kusan santimita ɗaya. Wannan kai-komon na kullum shi ke faɗaɗa ramin ƙusa ya mai da shi dogo, shi ke kuma zaro ƙusar sannu a hankali. Gyaransa ba a sake dukan ƙusar da guduma ba ne, cire ta ake yi a sa sukuru mai kauri da sabuwar roba. Mai dubawa ya kamata ya faɗi kimanin ƙusoshi nawa suka ɗago, a wane gefe.

Sai haɗin falle da falle. A gefe, ana so ɗaya ya hau ɗaya da tudu ɗaya da rabi a kwanon gargajiya. A tsaye, na sama ya rufe na ƙasa da aƙalla inci shida, in rufin ba shi da gangare sosai a ƙara zuwa takwas. Kafintan da ke son bandir ɗin kwano mai falle 20 ya rufe wurin da ya fi ƙarfinsa, a nan yake ragewa, kuma ba za a gane ba sai ruwa mai iska ya turo ta ƙarƙashin haɗin. Kaurin kwanon ma abin aunawa ne. Ana sayar da alminiyam da kauri kamar milimita 0.45, 0.55 da 0.70, kuma kukan da masu gini suka daɗe suna yi shi ne a biya kuɗin mai kauri a kawo siriri. Akwai ƙaramin ma'auni da ake matsawa a bakin falle ya nuna kaurin. Injiniyan da ya zo da shi ya nuna ya san aikinsa. Kafintoci kaɗan ne suke da shi.

Wurin da ya fi kowane jawo asara a gidajen zamani shi ne ɓoyayyen rufi, wanda ake ɗaga bango ya kewaye kwano har ba a ganinsa daga waje. Yana da kyan gani, amma duk ruwan rufin yana taruwa ne a gwatar da ke bayan bangon, ya fita ta 'yan bututu. A lissafa: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 150, in aka yi ruwan milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, lita 7,500 ke nan, jarka 300 mai cin lita 25. Duk wannan zai bi ta bututu uku ko huɗu. Ƙurar hunturu ta wata biyar ta kwanta a gwatar, ga ganyen darbejiya, ga leda, ga sheƙar tattabaru. Ruwan farko ya kwaɓa su su toshe bakin bututu, gwata ta cika, ruwa ya koma ta ƙarƙashin kwano ya zuba a kan silin gaba ɗaya. POP kuwa in ya sha ruwa nauyi yake yi ya rufto. Mai dubawa zai auna faɗin gwatar da zurfinta, ya ƙirga bututun ya faɗi ko inci uku ne ko huɗu, ya zuba ruwa ya ga ko yana gudu ko yana kwanciya, ya kuma duba ko akwai ramin ko-ta-kwana a jikin bangon, sama kaɗan da bakin bututu, wanda zai fitar da ruwa waje in bututun ya toshe. Gidaje da yawa ba su da shi, alhali huda shi aikin awa ɗaya ne. Zai kuma duba inda kwano ya haɗu da bango. Siminti da aka shafa a wurin ba ya daɗewa, domin kwano yana motsi bango ba ya motsi. Abin da ke riƙewa shi ne fallen ƙarfe da aka tsaga bango aka cusa bakinsa a ciki, ya sauko ya lulluɓe kwanon.

Gwajin ruwa shi ne abin da ya fi raba mai aiki da mai cika baki, kuma ya kamata ya shiga cikin kuɗin da aka yi ciniki. Mutum ɗaya yana sama da tiyo ko bokiti, ɗaya yana cikin silin da tocila. Ana farawa daga ƙasan gangare, a jiƙa yanki ɗaya na 'yan mintuna, a jira, sannan a matsa sama. In aka fara daga ƙololuwa ruwan zai bi ko'ina, ba za a san ta inda ya shiga ba. A tanadi ruwan tun kafin su zo, kamar jarka biyar zuwa goma, don kada a ce babu ruwa a tsallake gwajin.

Rufin kankare gwajinsa daban ne, kuma yana ƙara kuɗi domin sai an zo sau biyu. Ana toshe bututun, a tara ruwa mai zurfin kamar santimita biyar, a bar shi kwana ɗaya ko biyu, a dawo a duba ƙarƙashi. Ana kuma duba inda ruwa ke kwanciya bayan an buɗe, domin hakan yana nuna ba a ba wa saman gangare ba. Shimfiɗar kwalta da ta kumbura ko ta ɗago a baki ta gama aiki. In aka ga kankaren ya fashe ta ƙasa, rodi ya bayyana da tsatsa, maganar ta wuce kafinta da birkila. Rodi mai tsatsa kumbura yake yi ya fasa kankaren da ke kewaye da shi, kuma injiniyan gini ne kaɗai zai iya cewa ko rufin zai ci gaba da ɗaukar kaya. A tuna tankin ruwa mai lita 1,000 tan ɗaya ne cur in ya cika. A nan kuɗin injiniya ba abin ciniki ba ne. A nemi lambar rajistarsa ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Nijeriya tun 1970, ko ta CORBON, hukumar rajistar magina, in ƙwararren magini ne.

Soron ƙasa kuwa, a gaskiya tsohon maginin gargajiya ya fi mai digiri saninsa. Shi zai taka ya ji inda ya yi laushi, ya duba bakin azara inda ta shiga bango, domin a nan take fara ruɓewa, ya share indararo, ya tuge ciyawar da saiwarta ke buɗe wa ruwa hanya. Zai kuma faɗi ko yaɓen da ake ƙarawa duk shekara ya yi wa azarar nauyi har ta fara lanƙwasa. Kuɗinsa bai kai na sauran ba, kuma soron da ya sha ruwa ba ya ba da sanarwa mai tsawo kafin ya faɗo.

Abubuwa biyu da ake yawan tsallakewa. Na ɗaya, kayan da aka ɗora daga baya: faifan sola, kwandon talabijin, ƙarfen tanki. Masu sa su ba masu rufi ba ne, suna huda inda ya yi musu daidai su shafa gam su tafi, suna kuma lotsa kwano da takunsu. A sa mai dubawa ya bi kowace ƙafa ta abin da aka ɗora. Na biyu, ba kowane tabo a silin ne laifin rufi ba. Tabon da ke faɗaɗa da rani daga bututun tanki ko na na'urar sanyaya ɗaki yake, kuma mai gaskiya zai faɗi haka ko da ya rasa aikin gyara.

Ana samun masu tallar dubawa da ƙaramin jirgi mai kyamara. Yana da amfani a dogon bene da rufin da ba ya takuwa, da tsohon rufin asbestos wanda ke karyewa a ƙarƙashin ƙafa ba gargaɗi. Amma hoto ba ya jan ƙusa ya ji ta saki, ba ya shiga silin. A ɗauke shi ƙari, kada a biya shi kuɗin cikakkiyar dubawa.

Lokacin kira ma yana taɓa farashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Fabrairu da Maris kafintoci suna da sarari, ana ciniki cikin natsuwa, kuma akwai lokacin gyara. Da zarar iskar farko ta kware rufi a unguwa, kowa yana neman su, kuɗin aiki ya tashi, dubawa ta koma leƙe. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da kiyasin lokacin saukar ruwa a kowace jiha, ana iya tsara aikin da shi. Wanda ke da hali ya roƙi mai dubawar ya sake leƙowa bayan ruwa mai ƙarfi na farko, lokacin sawun ruwa yana ɗanye.

Wa ya kamata ya biya injiniya, wa kafinta zai wadatar? Mai sayen gida shi ne na farko. Sabon fenti da sabon silin suna ɓoye komai, kuma rahoton da ya nuna katako ya ruɓe hujja ce ta neman ragi da ta ninka kuɗin dubawar nesa ba kusa ba. Haka mai rufin kankare, da mai bene, da wanda ke rigima da ɗan kwangila ko ɗan haya a kan wa zai biya gyara, domin maganar baki ba ta tsayawa a gaban mai sulhu. Mai gida marar bene da rufin kwano na yau da kullum, kafinta mai amana da aka biya kuɗin yininsa ya ishe shi, sau ɗaya a shekara.

Ko wane ne aka kira, a yi sharaɗi kafin ya taka tsani. Zai shiga silin. Zai ɗauki hoton kowane lahani da waya, ɗaya daga kusa ɗaya daga nesa don a gane wurin. Zai rubuta, ko a takardar makaranta ce, abin da ya gani kashi uku: wanda ba zai jira damina ba, wanda zai iya kaiwa baɗi, da wanda ido kawai za a sa masa. Zai faɗi adadin kaya, falle nawa, katako mai inci biyu da huɗu guda nawa, sukuru kwali nawa, ba jimillar kuɗi a dunƙule ba, domin da wannan lissafin ne za a iya kai wa kafinta biyu ko uku su ba da farashi a kwatanta. A ba da rabin kuɗin kafin alƙalami, cikon sai takarda da hotuna sun zo hannu. A ajiye hotunan, baɗi da su za a gane ko tsatsar da ke gefen gabas tana tsaye ko tana ci.